Darasi ga ɗalibai: Yadda ake buɗe imel a kuma riƙe makullinsa



Kwanakin baya wata yarinya ta zo ofis tare da mahaifiyarta, ni na yi musu tafinta. Ta gama sakandare a sansanin Minawao, ta tafi Garwa wurin gwaggonta, a can ta yi rajistar wani kwas da ake yi ta intanet. Mai shagon kwamfuta ne ya buɗe mata imel, shi ya zaɓi kalmar sirri, ya kuma sa lambar wayarsa. Makarantar ta ɗauke ta, ta aiko da saƙo cewa ta amsa kafin ranar da aka yanke. Saƙon ya shiga akwatin da yarinyar ba ta da makullinsa. Kafin a samo mai shagon, an ba wani gurbinta. Wannan ya sa na rubuta darasin nan.

Mene ne imel?

Akwatin wasiƙa ne da ke cikin intanet. Layin waya yakan ɓace, ko kamfani ya rufe shi in ya daɗe ba a amfani da shi. Mutum yakan tashi daga Mokolo ya koma Marwa ko Garwa, ko ya koma gida Najeriya, layin MTN ko Orange na Kamaru ya daina yi masa aiki yadda ya saba. Adireshin imel kuwa yana nan yadda yake duk inda ka je. Makarantun intanet irin su Coursera da shi suke sanin ɗalibi. Mai neman tallafin karatun jami'a na DAFI, wanda gwamnatin Jamus ta kafa wa 'yan gudun hijira a 1992, shi ma yana bukatar adireshin da za a same shi.

Buɗewa

1. Ka buɗe da hannunka. In wani zai taimaka maka, ya zauna kusa da kai, amma kai za ka danna kalmar sirrin.
2. Ka sa sunanka na gaskiya, yadda aka rubuta shi a takardar shaidarka ta HCR da takardun makaranta. Sunan barkwanci ba ya kyau a idon malami.
3. Gmail kyauta ne, kuma ba ya karɓar kalmar sirri da ta gaza harafi 8. Ka haɗa haruffa da lambobi. Kada ka sa shekarar haihuwarka ko lambar wayarka.
4. Za a nemi lambar waya domin ranar da ka manta kalmar sirri. Ka sa taka ko ta babanka ko ta mamarka. In layin ya canja, ka gyara nan take.
5. Ka rubuta adireshin da kalmar sirrin a takarda, ka adana ta tare da takardunku masu muhimmanci.

Dubawa

Ka duba akwatinka aƙalla sau biyu a mako. Karanta saƙon rubutu ba ya cin data da yawa. In ana cewa an aiko maka kuma ba ka gani ba, ka leƙa wurin da aka rubuta Spam, domin saƙon makaranta yakan faɗa can. Ka kuma sani cewa Google na iya goge akwatin da aka yi shekara 2 ba a shiga ba.

Ka lura da lokaci. Agogon Kamaru da na Najeriya ɗaya ne, amma Kenya tana gabanmu da awa 2, Faransa da Jamus kuma suna gabanmu da awa 1 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. In malami yana can ya ce a kawo aiki ƙarfe 12 na dare, agogonsa yake nufi. Ka aika tun da rana, kada rashin caji ko sabis ya cuce ka.

Rubuta wa malami

Imel ba hirar WhatsApp ba ce. Malami yana da ɗalibai da yawa, bai kuma san fuskarka ba. A layin kan magana, inda za ka ga Objet a wayar Faransanci ko Subject a ta Turanci, ka rubuta sunan kwas da abin da ya kawo ka, misali: aikin mako na 3. Ka yi gaisuwa a layi ɗaya, ka faɗi cikakken sunanka da lambarka ta ɗalibi, ka faɗi bukatarka a jimla biyu ko uku, ka yi godiya. In amsa za ka bayar, ka amsa a kan saƙon da aka aiko maka, don malamin ya ga mafarin zancen.

Alamar ƙaramin maƙalin takarda ita ce wurin liƙa aiki ko hoto. Ka ɗauki hoton takarda da rana, rubutun ya fito sosai. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a saƙo ɗaya. Kafin ka tura, ka tabbata aikin ya liƙu, ka sake karanta adireshin harafi da harafi, domin kuskuren harafi ɗaya yana iya kai wasiƙa gidan wani.

Tsaro

In ka ari waya ko ka shiga kwamfutar shago, ka fita daga akwatinka kafin ka tashi, kada kuma ka yarda na'urar ta ajiye kalmar sirrinka. Ba a ba kura ajiyar nama. Babu makarantar kirki da za ta tambaye ka kalmar sirrin imel ɗinka. Duk ayyukan HCR kyauta ne. Saƙon da ya ce ka biya kuɗi a kai ka Kanada ko Amurka, ko a ba ka tallafin karatu, na 'yan damfara ne. Kada ka tura musu hoton katinka. 'Yan mata, in wani ya dame ku da saƙon banza ko barazana, kada ku goge, ku kawo wa jami'in kariya ya gani. Maganar ba za ta fita waje ba.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi ya tura wa abokin karatunsa saƙo mai kan magana, gaisuwa da hoton shafi ɗaya na littafinsa, abokin ya amsa. Iyaye, ko ba ku iya karatu ba, ku tambayi yaranku: takardar kalmar sirrin tana ina, kuma lambar wa aka sa? Wanda ya kakare ya same mu a ofis ranar aiki, ya zo da wayarsa da caji.