Darasin lahiya: mu tsare mai ciwon daji daga cutar birus

Ƴan uwa, ciwon daji, wanda likitoci ke kira kanser, ba a ɗaukar shi wurin wani. Ana zama da mai shi, a yi hira, ba komi. Mu masu lahiya ne ke iya kai mishi wata cuta.

Ga dalili. Cikin jinin kowa akwai hwararen ƙwayoyi, su ne sojojin jiki. Maganin daji da ake sawa ta jijiya, wanda ake ce ma shimiyo, yana kashe ƙwayoyin daji, amma yana rage sojojin nan. Sun hi raguwa tsakanin kwana 7 da kwana 14 bayan kowane ƙarin magani. Sau da yawa, kahin kwanakin nan su zo, mutum ya baro Yamai, inda cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji take, ya dawo gida. Ke nan tsaron shi yana hannun iyali.

Birus ƙwayar cuta ce ƙarama ƙwarai. Ita ke kawo mura, da ƙyanda, da ƙarambau, da shan inna, da wani irin ciwon hanta. Kapso na antibiyotik da ake saidawa kasuwa ba ya kashe ta. Murar da mai ƙarhi zai yi sati guda ya warke, tana iya sauka cikin huhun mai shan shimiyo ta kwantar da shi.

Abin da ya hi wuya shi ne dubiya. Gaida marar lahiya al'adarmu ce mai kyau, kuma ba mai son ya kore baƙo. Amma mutum 10 cikin ɗaki guda, ƙohwa ruhe, wani na tari, wata na goye da yaro mai zazzaɓi, wannan haɗari ne. A shimhiɗa tabarma waje cikin inuwa, inda iska ke wucewa. Mai mura ya aiko gaisuwa da wani, ko ya kira ta waya. Gaisuwa da baki ta isa, ba sai an ba da hannu ba. Mai gida ko wata dattijuwa ya kamata su hwaɗa ma baƙi haka, don shi marar lahiya kunya za ta hana shi.

Idan ƙyanda ko ƙarambau ta shigo gari, a ƙara kulawa. Yaro yana raba ƙyanda tun kwana 4 kahin ƙuraje su hito, kuma birus ɗin yana tsayawa cikin iskar ɗaki har awa 2 bayan yaron ya hita. In an gano marar lahiya ya zauna da irin wannan yaro, a sanar da likita ranar nan, tun bai hwara jin komi ba. Haka ma in ƙuraje masu ruwa da zahi sun hito mishi gehe ɗaya na jiki: birus na ƙarambau ne da ya kwanta tun yarinta ya tashi. Akwai maganin shi, kuma ya hi aiki cikin kwana 3 na hwarko.

Yaran gida su samu allurar rigakahi duka. Shi kuwa mai shan shimiyo, kada a yi mishi ta ƙyanda ko ta shawara sai da izinin likitan shi. Jaririn da aka ɗiga ma maganin shan inna a baki yana hitar da ƙwayar cikin kashi har wasu satuttuka, saboda haka wani ya wanke mishi, ba marar lahiya ba. Kowa ya wanke hannu da sabuni bayan kewaya da kahin abinci. A ware mishi moɗa da aska da reza nashi, don birus na ciwon hanta yana bin jini. Ga wanda ke da wannan birus tun da, shimiyo na iya tada shi, shi ya sa ake awon jini kahin a hwara magani.

Sai zazzaɓi. A sayi abin awon zahin jiki, mai karatu cikin gida ya koyi duba lambar. In ta kai 38, ko jiki na makyarkyata, kada a ce masassara ce a jira sahiya, kada a ba shi parasetamol a kwanta. A kai shi likita mahi kusa ko da dare ne, tare da takardun shi na asibiti, a hwaɗi ranar da aka sa mishi magani na ƙarshe.