Gyaran suna da jinsi a takardar haihuwa

Aikina haɗa wa mutane takardun shiga kotu a Tasawa da Mayahi, kuma da yawa cikin masu zuwa wurina maganar suna ce ke kawo su. Wani sunan yankansa Mahamadu, takardar haihuwa ta ce Mamman, katin lakwal ya ce Mahaman. Wata uwar ta ji nauyin faɗin sunan ɗanta na fari a gaban ma'aikacin meri, ta ce a rubuta Ɗanjuma. Babu mai lura sai ranar da za a rubuta yaro jarrabawar BEPC, ko a nemi fasfo don aikin Hajji.

Waɗannan masu sauƙi ne. Wadda ake kawo mini da murya ƙasa-ƙasa, bayan kowa ya watse, ita ce ta yaron da aka haifa mata-maza, wato al'aurarsa ba ta fito fili ba. Ungozoma ta duba ta ce mace, aka yanka rago, aka rubuta haka. Da balaga ta zo murya ta buɗe, gemu ya fara tsirowa, likitoci a Maradi suka yi gwaji suka ce namiji ne. Wani uba ya zauna gabana yana ta murza takardar a hannu har ta yi laushi, tambayarsa ɗaya: "Malam, yanzu wane suna zan kira shi a gaban mutane?" Na ce, "Alhaji, wannan tsakaninka da iyalinka da malamai ne. Na takarda kuwa akwai hanyarsa."

A wasu ƙasashe, kamar Ajantina tun 2012, mutum na iya sauya suna da jinsi a takardunsa da buƙatar kansa kawai. A Nijar alƙali hujja yake nema. Ma'aikacin meri na Korgom ko Urafan ko Kanembakashe ba shi da ikon goge abin da ya riga ya shiga rajista, ko da ya ga kuskuren da idonsa. Sai a rubuta buƙata zuwa kotu, a haɗa da kwafin takardar haihuwa, da shaidu, in maganar jinsi ce kuma da takardar likitan da ya yi gwajin. In alƙali ya amince, a kai hukuncin merin da aka yi rajistar farko, a rubuta gyaran a gefen shafin. Daga nan duk kwafin da za a fitar da gyaran zai fito.

Abin da nake roƙo a bari shi ne hanyar bayan gida. Na ga takardar da aka kankare da reza aka cike da biro. Na ga waɗanda suka je wata ƙaramar hukuma suka ce yaro bai taɓa samun takarda ba, aka yi masa sabuwa da sabon suna. Ranar kam an huta, amma yaron ya zama mutum biyu a idon hukuma, makaranta ta san ɗaya, katin ɗan ƙasa ya san ɗaya, kuma wanda ya yi ƙaryar na iya fuskantar tuhuma. Kunya ce ke kai iyaye can, na sani, sai dai likita da ma'aikacin kotu duk aikinsu ya ɗora musu riƙe sirri, ɗan cuwa-cuwar bakin kasuwa kuwa babu abin da ya ɗaure bakinsa.

Dokar rajistar al'umma ta 1 ga Yuli 2019 ta ba da kwana 60 a shaida haihuwa. In an ga shakka a jikin jariri, a kai shi asibiti cikin waɗannan kwanaki, kafin a rubuta komai. Wanda kuma ya riga ya samu hukuncin gyara, ya kai kwafi makarantar yaron tun kafin a tura sunayen masu jarrabawa, ya adana na asalin a gida.