Hannun Garmaho: Dogo ko Gajere?

Jama'a masu sauraro, ga mu a filin amsa tambayoyinku. Wasiƙar farko ta fito daga Kaura Namoda, daga wani malami mai gyaran rediyo. Ya ce ya gaji garmaho na lantarki da tarin fayafayan Shata da na Ɗanmaraya Jos. Waƙa tana fita tangaram a farkon faifai, amma da an kusa ƙarshe sai murya ta yi kaushi. An ce masa gajartar hannun da ke riƙe allura ce, shin ya ƙara masa tsawo?

To Malam, wanda ya faɗa maka haka yana da ƙamshin gaskiya, amma kada ka taɓa hannun nan tukuna. Lokacin da ake yanka faifai a kamfani, wuƙar da ke zana layin waƙa tana tafiya ne miƙe daga baki zuwa tsakiya. Shi kuwa hannun garmahonka a kafe yake a gindi, don haka allura tana tafiya a lanƙwashe. Ka dubi akuya a turke: in igiya gajera ce, da'irar da take zagayawa a matse take, in doguwa ce sai lanƙwasar ta ragu. Hannun yawancin garmaho inci 9 ne, dogon kuma inci 12. A gajeren, allura kan karkace daga layi da kusan digiri 2, dogon yana rage wannan da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Masana sun daɗe da yin lissafin: Löfgren a 1938, Baerwald a 1941. Sun nuna cewa in an saita hannu daidai, a wuri biyu kawai allura ke zama cif a kan layi. A lissafin Baerwald, wajen milimita 66 da 121 ne daga tsakiyar faifai.

Sai dai tsawo yana zuwa da nasa nauyin. Dogon hannu ya fi saurin rawa, kuma in faifai ya ɗan lanƙwashe, ya fi wahalar bin hawa da gangara. Asalinsa ma gidajen rediyo aka yi wa shi, saboda manyan fayafayansu masu faɗin inci 16. Garmahon Technics SL-1200, wanda masu kiɗan biki a duniya suka yi shekaru suna dogara da shi, hannunsa milimita 230 ne kacal, kuma ba a raina sautinsa ba.

Sannan akwai abin da tsawo ba ya magani. Faifai yana juyi 33 da ɗoriya a minti, ko a baki ko a ciki. A baki, layin da ke wucewa ƙarƙashin allura ya kai santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya kuwa wajen 20 ne. Waƙar a cunkushe take a can, shi ya sa allurar da ta cinye take fara tona asirin kanta a waƙar ƙarshe. Ni dai a ganina, Malam, allurarka ce. Ka sauya ta, ka saita kan hannun yadda kamfani ya tsara, ka daidaita nauyi. Hannu gajere da aka saita da kyau ya fi dogo da aka ɗaura da ka.

Sai saƙo daga Shinkafi, yankin da ya ba mu Narambaɗa na Tubali. Wani matashi ya ce allura tana tsalle, sai ya ɗora kwabo a kanta ta zauna. Ɗan'uwa, don Allah cire kwabon nan yau. Allurar zamani giram 2 zuwa 3 take buƙata, abin da ya wuce haka sassaƙe waƙar yake yi, kuma abin da aka sassaƙe ba ya dawowa. Ka duba ko teburin a karkace yake, ka goge ƙurar hunturu da ƙyalle mai laushi.

Wata Hajiya daga Zurmi ta ce tana da tsohon garmaho mai wani na mahaifinta, Allah ya jiƙansa, tana tambaya ko za ta iya sa manyan fayafayan roba a kai. A'a, Hajiya. Wannan na fayafayai masu juyi 78 ne, allurarsa ƙarfe ce da ake sauyawa bayan kowane faifai, nauyin kansa kuma ya haura giram 100. Sau ɗaya ya bi ta kan faifan roba, ya gama da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne ajiya. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kaura a 1929 kaya ke shigowa yankin nan, kuma na tabbata akwai fayafayai a ɗakunan tsofaffi waɗanda ba lallai a sami irinsu a wani wuri ba. Ku jera su a tsaye, cikin rigunansu, nesa da rana da zafin kwano. Wanda ke da hali ya naɗi sautin a waya ko kwamfuta tun faifan yana da rai. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.