Suna ɗaya a laburare biyu: wanne linka yake ɗauka?

TAMBAYA: Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, ina zaune a Shara Mansur, Makka. Ina rubuta wata manhaja da harshen C mai nuna lokutan salla, don iyayenmu na unguwa. Na haɗa laburare biyu da abokaina suka rubuta, libsalla.a da libkalanda.a, ashe kowannensu yana da aiki mai suna lokacin_isha. Da farko komai ya haɗu lafiya lau, sai dai in na sauya jerinsu sai lokacin Isha'i ya sauya. Da na kira wani aikin daban daga na biyun, sai ga saƙon "multiple definition of lokacin_isha". Me ya sa linka ya yi shiru da farko, daga baya ya yi ƙorafi?

AMSA: Allah ya yi wa aikin albarka. Ranar da linka ya yi maka ƙorafi ita ce ranar da ya taimake ka. Shirun farkon nan shi ne abin tsoro.

Fayil ɗin da ya ƙare da .a ba dunƙulallen abu guda ba ne. Ɗaurin ƙananan fayiloli ne masu ƙarewa da .o, waɗanda manhajar ar ta tattara, tare da jadawalin sunayen da ke cikin kowanne. Linkan GNU, wato ld, yana bin abin da ka jera masa daga hagu zuwa dama, yana riƙe da jerin sunayen da aka kira amma bai ga gangar jikinsu ba tukuna. Idan ya iso kan laburare, fayil ɗin .o da zai biya masa wata buƙata a jerin nan kawai yake zarowa. Sauran ko leƙa su ba ya yi. Kamar mai cefane ne da ya bi layin masu tumatir ba ya waiwaya: abin da ya riga ya saya ba ya sake tayawa a gaba, amma a nan kashi-kashi ake sayarwa, duk kashin da ya taɓa sai ya kwashe shi gaba ɗaya.

To ka ga abin da ya same ka. A karon farko linka ya sami lokacin_isha a libsalla.a, ya goge sunan daga jerinsa. Da ya iso libkalanda.a babu abin da ya sa shi zaro fayil ɗin da ke ɗauke da ɗaya lokacin_isha ɗin, don haka bai taɓa ganin biyu ba, balle ya yi magana. Na farko a layi ya ci. A karo na biyu ka kira wani aiki da yake zaune a fayil ɗaya da lokacin_isha na biyu. Dole linka ya kwaso fayil ɗin dukansa, sai ga suna ɗaya da gangar jiki biyu. A Windows saƙon nan shi ne LNK2005.

Sauyin lokacin da ka gani kuwa, alama ce ta abokanka ba lissafi ɗaya suka bi ba. Jadawalin Ummul Ƙura, wanda ake bi a nan Makka, yana sa Isha'i minti 90 bayan Magariba, a watan Ramadan kuma minti 120. Lissafin da ake dangantawa ga ƙungiyar Rabiɗa yana jiran rana ta yi ƙasa da digiri 17. A Makka tazarar da ke tsakaninsu takan kai kusan rubu'in sa'a, a Ramadan ta haura rabin sa'a. Tsohuwar da ta dogara da manhajarka ba ta san jerin laburare ba, lokacin da ta gani shi za ta bi. Har ma akwai abin da ya fi wannan muni: sauran fayilolin libkalanda.a da ke kiran lokacin_isha za a haɗa su da na libsalla.a, aikin da marubucinsu bai taɓa gani ba.

Akwai wuraren da aka yarda suna ya maimaitu. Suna mai rauni, wanda umarnin nm ke nunawa da W, yana sakar wa mai ƙarfi wuri idan duk sun shigo, amma in mai raunin ya riga ya shiga, linka ba zai je laburare neman mai ƙarfi ba. A C++ ayyukan inline suna bayyana a fayiloli da yawa, linka ya ajiye ɗaya ya watsar da sauran bisa zaton duk iri ɗaya ne. Tun daga GCC 10, a 2020, aka daina haɗe maimaitattun sunayen ma'ajiyar ƙima a ɓoye, abin da ya sa tsofaffin manhajoji da yawa suka fara ƙin haɗuwa. Linkan lld na LLVM yana iya waiwayar laburaren da ya wuce, amma shi ma na farko yake ɗauka.

Kafin ka gyara, ka gani da idonka. Ka ƙara -Wl,--trace-symbol=lokacin_isha a umarnin gcc, zai faɗa maka fayil ɗin da ya kira sunan da wanda ya bayar da shi. Umarnin nm -A a kan laburaren biyu zai nuna T a duk inda gangar jikin take.

Za ka ji ana cewa ka sa --allow-multiple-definition. Don Allah kada ka sa. Saƙon kawai yake kashewa, ya ɗauki na farko, ka koma cikin shirun da ka fito. Ɓoye suna da -fvisibility=hidden ma ba ya magani a laburaren .a. Tunda abokanka ne suka rubuta, ka same su: aikin da ba a buƙatarsa a waje a sa masa static, sauran kowa ya sa wa sunayensa wata alama a gaba, yadda SQLite ke fara nasa da sqlite3_. Manyan ma sun sha wannan: BoringSSL, da Google ya cira daga OpenSSL a 2014, sunayensu sun yi karo, har aka tanadi hanyar sa wa nasa alama. Idan fayil ɗin .a kaɗai ke hannunka, objcopy --redefine-sym lokacin_isha=kal_lokacin_isha libkalanda.a zai sauya sunan a duk fayilolin ciki. Bayan haka ka gwada sakamakon da jadawalin Ummul Ƙura, har da kwanakin Ramadan, kafin ka sa wa iyayenmu a waya.