Darasi: Wane Injin Yankan Ciyawa Ya Dace da Filinmu?

'Yan uwa fatake da dillalai, kowace shekara in damina ta ja baya zancen guda ne a kara: filin da muka kewaye don ajiye shanu kafin ranar kasuwa ya zama kurmi. Gamba ta fi mutum tsawo, tafasa ta cinye gindin shinge, kaska da maciji sun samu gida. Lauje yana nan, amma masu riƙe shi sun tafi girbin gero daidai lokacin da muke bukatarsu. Shi ya sa da yawa cikinmu suka fara tambayar ƙaramin injin yankan ciyawa.

To, kafin mu tambayi kuɗinsa, mu fara tambayar kanmu: ciyawar nan abincin dabba muke so ta zama, ko share ta kawai za mu yi? Injin da ke share fili daban, wanda ke tara wa shanu abincin rani daban. Wanda ya kuskure wannan, ya sayi abin da zai ajiye a zaure.

1. Na ratayawa a kafaɗa

Shi ne mafi araha, kuma yana shiga inda sauran ba su shiga: gindin shinge, gefen suri, bakin kwari. Ga ciyawa mai taushi ana sa masa zaren roba, ga gamba da tafasa kuwa sai wuƙar ƙarfe mai baki uku. A nemi mai ƙarfin sisi 40 zuwa 50, don ƙanana na gyaran lambun gida ne. Yawancinsu ana gauraya musu fetur da mai na musamman. A injunan Stihl da Husqvarna ma'aunin shi ne mililita 100 na mai cikin lita 5 ta fetur. Wanda ya zuba fetur zalla, ai ya kashe injin ran nan. Aibinsa guda: a babban fili mutum ne ke gajiya kafin injin.

2. Mai yanka kamar almakashi

Wannan ƙafa biyu gare shi, ana bin sa a baya ana riƙe da hannu, irin na kamfanin BCS na Italiya. Haƙoransa suna kai da komowa, suna datse ciyawa daga gindi ta kwanta da tsawonta. Ga mai son busar da gamba, kyasuwa ko burgu ya ɗaure dami, babu kamarsa. Mu yi lissafi: in faɗin bakinsa mita 1 ne, ana tafiyar kilomita 3 a awa, zai yanke murabba'in mita 3,000 a awa guda. Ke nan in an haɗa da juyawa da tsayawa, hekta ɗaya za ta ci kamar awa 4. Sai dai ba ya shiri da dutse, kututture ko waya, kuma haƙoran suna son wasawa a kai a kai.

3. Mai daddatsawa

Shi kuma ƙananan wuƙaƙe ne da yawa a jikin gangar ƙarfe mai juyawa. Yana cin ciyawa, ƙaya da ƙananan itatuwa, ya bar su gutsi-gutsi a ƙasa. Filin da ya shekara biyu ko uku ba a taɓa ba, wannan ne maganinsa. Amma ya fi sauran tsada da shan mai, kuma abin da ya bari ba ya ɗauruwa. Taki ne, ba abincin rani ba.

Shi kuwa injin nan mai ƙafa huɗu da ake gyara harabar ofis da shi, mu bar wa masu ofis kayansu. Doguwar ciyawa tana shaƙe shi.

Abin dubawa kafin a biya

Na farko, kayan gyara. Araha ba ta ado: injin da babu wuƙarsa ko bel ɗinsa a Maraɗi, Damagaram ko Garwa, ranar da ya tsaya ya tsaya ke nan. Mai ƙafa biyu in yana ɗauke da injin Honda GX, irin na famfon ban-ruwa, makanikin garinku ya riga ya san cikinsa. Na biyu, matacin iska, don ƙurar hunturu ita ce ajalin ƙananan injuna. A zaɓi wanda ake cirewa a tsabtace ba wahala. Na uku, a tabbata ana iya ɗaga bakinsa. Gamba daga gindi take sake tohowa, saboda haka a bar mata kamar taƙi guda, kada a aske ta har ƙasa.

Ranar aiki

A fara zagaya filin da ƙafa a tsince waya, ƙusa da leda. Inji yana yanka su ƙanana su shige cikin ciyawa. Sa ya haɗiye guntun waya, ta huda tumbi ta doshi zuciya, kuma asarar bijimi ɗaya tana iya cinye kuɗin injin gaba ɗaya. Mutane da dabbobi su ja baya aƙalla mita 15, mai aiki ya sa takalmi rufaffe da tabarau. A yi yanka tun ciyawa tana da ɗanye, kafin ta gama fure, don lokacin ne ta fi amfani a jikin dabba. In ta bushe ƙayau, wuƙa ta bugi dutse, tartsatsi ɗaya ya isa ya ta da gobarar daji.

Shawararmu ita ce: mai ƙaramin fili ya tsaya kan na kafaɗa. Masu tara ciyawa don kiwon turke su haɗa kuɗi mutum uku ko huɗu su sayi mai almakashi. Mai daddatsawa kuwa aikinsa sau ɗaya ne a shekara, haya ta fi saye. Kowanne za a ɗauka, a ce wa mai shago ya kawo shi a gwada cikin gambarmu, ba a ƙofar shagonsa ba. Gani ya kori ji.