MATAFIYI DA WAYAR TAURARO

Ya kai maigida, wannan takarda dominka aka rubuta ta, kai da iyalinka. In ba ka yi karatun boko ba, ka sa yaro ya karanta maka, a kira matan gida su ma su ji, gama in mutum ya yi tafiya bai komo ba su ne ke fara shan wahala.

Da an gama girbi sai samari su soma ɗaure kaya. Wani za shi cin rani, wani zai bi shanu kudu, wani farauta. Tun shekarar 2014 kuma, da aka ga zinariya a Jado, can arewa maso gabashin Nijar, da yawa sun bi hanyar Agadas. Kwanan baya wani dattijo ya same ni a ɗakin shan magani inda nake aiki, ya ce, "Malam, yarona za shi arewa, ya matsa mini in sayar da tumaki in saya masa wayar nan da ake kira Thuraya. Ko in saya?" Na ce ya sami wuri ya zauna, don amsar ba ta tsaye ba ce. Abin da na gaya masa shi zan gaya maka.

Bambancinta da wayar aljihunka

Wayar da ke aljihunka tana magana ne da dogon ƙarfen nan na sabis da aka kafa a bakin gari. In ka yi nisa da shi, ko dutse ya shiga tsakaninku, sai ta yi shiru. Wani lokaci ma ƙarfen yana nan amma an kashe shi, kamar yadda hukuma ta rufe layukan waya a jihar Zamfara cikin watan Satumba na 2021 saboda 'yan bindiga, aka yi makonni ba mai kiran wani.

Ita wayar tauraro ba ruwanta da ƙarfen gari. Sama take aika magana, zuwa wata na'ura da mutane suka harba sararin samaniya, watau tauraron ɗan'adam, shi kuwa ya maido da maganar ƙasa. Thuraya kamfani ne na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Tauraronsa yana can nisan wajen kilomita 36,000, yana tafiya daidai da juyawar duniya, saboda haka kullum a wuri ɗaya ake samunsa. Daga ƙasashenmu yana wajen gabas, da ɗan karkatawa kudu. Akwai kuma Iridium na Amurka, mai taurari 66 da ke kewaya duniya kusa-kusa.

To, ka lura da wannan. Kowace iri ce, tilas sai ta ga sararin sama. Cikin ɗakin kwano ba ta kamawa sosai, haka cikin kogo, ko ramin haƙar zinariya, ko kurmi mai duhu, ko kwazazzabo mai zurfi. Wuraren nan kuwa su ne inda mutum ya fi faɗuwa ya karye.

Wa zai amsa?

Ga tambayar da na yi wa dattijon nan, ita ce kuma gindin maganar. Na ce, "Baba, in ya kira, wa zai ɗauka? Wanda ya ɗauka yana da mota? Ya san hanya? Awa nawa zai yi kafin ya isa?" Ya yi shiru.

Waya murya take kaiwa. Ba ta kawo ruwa, ba ta ɗinke rauni, ba ta ɗauke da allura. Ɗauki misalin saran maciji, wanda muke yawan gani lokacin noma da girbi. Kububuwa ƙaramar macijiya ce, amma dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum sai ya ga kamar ya ji sauƙi, can sai dasashinsa ya fara zubar da jini, fitsarinsa ya yi ja. Abin da ke kashe wannan dafi ɗaya ne, allurar maganin dafin maciji, a asibiti kuwa ake yinta, ba ma kowane asibiti ke ajiye ta ba. Shi ya sa ake kai mutane Kaltungo ta jihar Gombe daga wurare masu nisa. Wanda aka sara bai kamata ya yi ta tafiya da ƙafa ba, don motsi yana watsa dafin cikin jiki. A cire masa zobe da duk abin da ya matse gaɓar, a ɗora mata sanda a naɗe don kada ta motsa, a ɗauke shi. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da tsirkiya tamau har jini ya tsaya. Na sha ganin ƙafar da ɗaurin ya fi macijin lalata ta.

Yanzu duba. Wanda yake shi kaɗai, wa zai ɗora masa sandan, wa zai ɗauke shi? In yana da waya, kuma akwai mai babur da ya san wurin, to wayar ta yi masa rana. In ba kowa, sai dai ya yi sallama da gida. Abokin tafiya kuwa, ko ba waya, zai aza shi bisa jaki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma cutar da ba ta ba mutum damar kira. Mai farfaɗiya, da mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura, da mai ciwon zuciya, da mai fuka mai tsanani, kada ɗayansu ya shiga daji shi kaɗai wai don yana riƙe da waya. Wanda ya suma ba ya danna lamba.

Inda ta cancanci kuɗinta

Kada ka ce na kushe ta. Akwai ƙasar da ba abin da ya kai ta amfani, ita ce hamada. Tsakanin Agadas da Bilma, hanyar ayarin gishiri, wajen kilomita 600 ne na yashi, rijiyoyi kuwa ƙidayayyu. Cikin watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga kudancin Nijar. Motocinsu ne suka lalace, ruwa ya ƙare, ƙishirwa ta kashe su, aka same su a warwatse. Allah ya jiƙansu.

A irin wannan wuri mutum lafiyarsa ƙalau, abin da ya rasa kurum shi ne wanda ya san inda yake. Cikin tsananin zafi mai motsi yana iya zubar da zufa lita guda a awa ɗaya, in kuwa ruwa ya yanke masa, da wuya ya wuce kwana 3. Wayar tauraro tana nuna wasu lambobi na daidai inda ka tsaya a bayan ƙasa. In ka aika da su, mai neman ka ba zai yi ta yawo ba. Kwana guda da aka rage wajen nema shi ne tsakanin rai da mutuwa.

Amma ko a nan ba lalle kowane fasinja ya mallaki tasa ba. Guda ɗaya ta isa mota, ko ayari. Abin da ya wajaba a kanka shi ne, tun kuna tasha, ka tambayi direba, "Akwai waya? Akwai kati a cikinta? Wa za a kira in mun lalace? Jarka nawa ta ruwa aka ɗauka?" Ka kuma tambaya ko motoci biyu ne za su tafi tare. In ya yi maka tsawa maimakon amsa, sauke kayanka.

Saura kuwa, manomi mai gona a nesa, da mai bin shanu, da ɗan kasuwar ƙauye, yawancinsu ba su wuce tafiyar awa ɗaya ko biyu daga inda sabis ke kamawa. Su ban ga dalilin su sayar da dabba ba. Kuɗin wayar ya isa a sayi tumaki da dama, katinta yana da tsada ƙwarai, yana kuma mutuwa in an daɗe ba a sabunta ba. Da wannan kuɗi gara takalmi mai rufe idon sawu, da tocila, da jarka mai kyau, da ƙaramar sola ta cajin wayar da kake da ita. Ka kuma san tudun da sabis ke kamawa a hanyarka. Makiyaya sun fi kowa sanin wannan, ka tambaye su.

Wani abu kuma da samari ba su so a faɗa. Masu laifi ma suna aiki da irin wannan waya, don haka jami'an tsaro ba su ganinta su kau da kai. A shekarar 2013 sojoji sun hana riƙe ta a jihar Barno. Kafin ka saya, ko ka ƙetare iyaka da ita, ka je wurin hukuma ka tambayi dokar wurin da za ka, ka ajiye rasit ɗinta a jikinka. A dajin da 'yan fashi ke yawo kuwa, ganinta a hannunka yana iya jawo maka abin da kake gudu.

In ka yanke shawarar ɗauka

Ka gwada ta tun kana gida. Fita fili, zaro eriyarta, fuskanci gabas, ka tsaya cik har ta kama, sa'an nan ka kira. Ka koyi yadda ake fito da lambobin wuri da yadda ake aika su a rubuce, gama saƙo ya fi kira araha, bai kuma cin batir. Ka rubuta lambar mutum biyu ko uku a takarda, da ta malamin asibitin da ya fi kusa da hanyarka. Kada ka bar ta a rana, zafi yana kashe batir. Ka kashe ta, sai lokacin da kuka shirya da mutanen gida, misali bayan sallar magariba. Kada ka ƙarar da kati wajen gaishe-gaishe.

In mota ta lalace, ka aika da lambobin wurin tun ruwa yana da saura, kada ka jira sai ya ƙare don jin kunya. Ku zauna kusa da motar, ku yi inuwa da bargo ko tabarma, kada kowa ya taka da tsakar rana. Mota ta fi mutum sauƙin hangowa. In ka ga fitsarin wani ya ragu ya yi duhu, yana jiri, ko maganarsa ta fara rikicewa, shi za a fara ba ruwa, kaɗan-kaɗan. In akwai zawo, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokali, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ƙunshin gishiri da sukari da muke bayarwa a ɗakin shan magani ya fi wannan, ka biyo ka karɓa kafin ka tashi.

Da waya ko babu, akwai aikin da ba ya cin ko kwabo. Kada ka fita ka ce wa iyali kurum "sai na dawo." Ka zaunar da mutum ɗaya mai hankali, ƙanenka ko uwargida, ka faɗa masa hanyar da za ka bi, da inda za ka kwana, da wanda za ka sauka wurinsa, da ranar komowa. Ka ce masa, "In Laraba ta yi ba ku ji ni ba, Alhamis da safe a gaya wa mai unguwa, a fita nema." Ke kuma uwargida, in ranar ta cika, kada ki ce bari a ƙara kwana biyu a gani.

Dattijon nan bai sayar da tumakinsa ba. Ya sa yaron ya jira har makon gaba, ya bi wasu mutanen garinsu guda huɗu, a motar da direbanta ke da wayar. An rubuta lambarta a bangon zaure da gawayi.