Wace Kasuwar Intanet Ce Ta Dace Da Hajar Mutumin Zuru?

Tun lokacin da ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023 ya tilasta wa mai tebur da mai shago karɓar kuɗi ta waya, tambayar da ta fi yawan zo mini, ni da sana'ata ita ce riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa lissafi da buɗe musu shago a intanet a nan garin Zuru, ita ce wace kasuwa ta fi: Jumia, ko Konga, ko Jiji, ko kuwa Facebook da WhatsApp. Galibin masu tambayar sun riga sun yanke hukunci a zuci cewa wadda ta fi cika ita ce ta fi albarka, alhali kuwa abin da ya wajaba mutumin Zuru ya fara tantancewa shi ne ta wace hanya kayansa za su bar garin nan, a hannun wa kuɗinsa za su kwana, kuma wa zai ɗauki hasara in mai saye ya ce ya fasa.

Jumia da Konga, waɗanda duka aka kafa a Legas a shekarar 2012, matsayinsu matsayin dillali ne: su baje hajarka, su karɓi kuɗin mai saye, su kai masa kaya, su yanke la'adarsu gwargwadon nau'in hajar, sa'an nan bayan wasu kwanaki su biya ka saura. Fa'idar wannan ba ƙarama ba ce, domin mutumin Fatakwal da bai taɓa jin sunanka ba zai saki kuɗinsa saboda ya amince da dillalin. Amma sharaɗin da mutanenmu ba su cika karantawa ba shi ne, da zarar an yi ciniki, kai ne za ka ɗaure kayan ka kai su wurin karɓa na kamfanin cikin wa'adi ƙanƙane, in ka saɓa a soke cinikin, darajar shagonka ta faɗi, wani lokaci har da tara. To, duk wanda ya san hanyar Rijau zuwa Kontagora, ko ta Dabai da Mahuta zuwa Koko, ya kuma san yadda kuɗin mota ya tashi tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, balle ranakun da rashin tsaro ke hana direbobi fita, ya san cewa wa'adin da ke da sauƙi ga ɗan kasuwar Kantin Kwari ko na Alaba, ga mutuminmu nauyi ne.

A misalta takalmin da ka saro naira 6,000 ka sa masa 9,000. In an ce la'ada kashi 10 cikin ɗari ce, 900 ta tafi. Kwali da leda su ci 400. Kuɗin mota zuwa wurin karɓa ya ci 1,000. Abin da ya rage maka 700 ne. In kuwa mai saye ya ƙi karɓa aka dawo da takalmin, ribar ciniki biyu ba za ta toshe ramin ba. Saboda haka ba na ba kowa shawarar shiga waɗannan kasuwanni sai wanda hajarsa ba ta da nauyi, ba ta lalacewa, ribarta na da kauri, kuma yana da amintaccen wakili a babban birni da zai ajiye masa kaya a can. Mai zuma ko man kaɗe da ke son ya zuba a kwalba ya liƙa suna, shi kuma ya fara da neman rajistar NAFDAC kafin ya yi zancen shago.

Jiji, wadda ta fara a 2014 ta kuma haɗiye harkar OLX ta Nijeriya a 2019, allon talla ce kawai: ba ta riƙe kuɗi, ba ta kai kaya, abincinta na wajen wanda ya biya don a ɗaga tallarsa sama. Ta dace da babur, da waya, da injin ban ruwa, watau abin da mai saye zai zo ya duba da idonsa.

Inda na ga cinikin mutanenmu ya fi tsayawa da ƙafafunsa shi ne Facebook da WhatsApp, dalili kuwa yana cikin tarihin ƙasar nan. Zuru ta shahara da aikin soja tun zamanin Turawa, har ya zamana da wuya ka shiga bariki a Kaduna ko Jos ko Legas ba ka tarar da ɗan Dabai ko Ribah ko Dirin Daji ba, ga ma'aikata da ɗalibai da ke warwatse a birane; waɗannan kuwa, Musulminsu da Kiristansu, suna marmarin dawar gida da daddawa da zuma, musamman gab da Salla da Kirsimeti da bikin Uhola. Amanar da ake biyan dillali la'ada dominta, a nan zumunci ya riga ya samar da ita. Sai dai babu alƙali a tsakani. Kada kaya su bar hannunka saboda hoton rasit ko saƙon alat, sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka. In ka kai saƙo tasha, ka rubuta sunan direba da lambar wayarsa da ta motarsa, ku kuma yi ittifaƙi da mai saye tun farko kan wanda zai biya kuɗin mota. Lambobin abokan cinikinka kuma ka kwafe su a littafi, gama mun ga an rufe Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mun ga an katse layukan waya a maƙwabciyarmu Zamfara a Satumbar 2021.

Malaman fiƙihu ba su bar babin cinikin abin da mai saye bai gani ba a buɗe ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, ya halatta a sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, har ma da ɗaurin tufafi bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki, muddin an kauce wa garari, kuma mai saye na da haƙƙin mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Mas'alar sharɗanta biya kafin karɓa tana da tafsili, da bambanci tsakaninta da cinikin salam, wannan kuwa a zauna gaban malami a warware. Abin da ya shafi aikina shi ne cewa hoto da rubutun da ke ƙarƙashinsa su ne siffantawar: a ɗauki hoton ainihin kayan da hasken rana, ba wanda aka kwafo daga shagon wani ba, a faɗi tabo in akwai. Hatsi kuma a rubuta nauyinsa da kilo, domin mudun kasuwar Zuru daban ne da tiyar Kano, kuma yawancin rigimar da ake kawo mini tsakanin mai dawa da mai saye daga awo take tasowa.